Gwajin Hawa Dakali: Minti Uku Don Auna Juriyar Budurwa

Sikeli ba ya nuna ƙarfin zuciya da huhu. Akwai siririyar da tafiya kaɗan ke sa ta haki, akwai mai jiki da za ta yi daka ta ɗebo ruwa ba ta ko tsaya ba. Abin da masana ke aunawa shi ne yawan iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita a lokacin aiki mafi tsanani, wato VO2max. Ainihin awon sai da na'ura a ɗakin bincike, amma akwai gwajin da aka fitar a Kwalejin Queens ta Amurka a 1972 wanda ke ba da ƙiyasi mai kyau, kuma ana iya yin sa a tsakar gida ba tare da an fita fili ana kallo ba. Wannan ne ya sa nake ganin ya fi dacewa da 'yan matanmu na Birnin Kebbi da Argungu fiye da ɗaya gwajin juriyar, na auna nisan da mutum zai iya gudu cikin minti 12.

Ki sa kafinta ya yi miki akwatin katako mai ƙwari, tsayinsa santimita 41. Kada ki jera bulo biyu, ya zarce tsayin, kuma yana iya gocewa. Ki nemi agogo mai daƙiƙa, da manhajar metronom, mai fitar da sautin bugu a kai a kai, a waya da za ki saita kan bugu 88 a minti, da 'yar'uwa da za ta riƙe miki lokaci. Wando ƙarƙashin hijabi ya fi zani, don zani na harɗe ƙafa.

Kowane bugu motsi ɗaya ne: dama sama, hagu sama, dama ƙasa, hagu ƙasa. Hawa 22 ke nan a minti, har minti uku cur. Da kin gama ki tsaya a tsaye, a bar daƙiƙa 5 su wuce, sannan a ƙirga bugun jijiyar wuyan hannu na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu.

Lissafin mata shi ne: a ninka bugun da 0.1847, a cire sakamakon daga 65.81. Idan an ƙirga 40, bugunki 160 ne a minti, ƙiyasin VO2max ɗinki kusan 36. Ƙarancin bugu bayan aiki shi ne alamar juriya.

A wurin ƙirgar nan ake yawan ɓata gwajin. Zuciya na fara sauka nan take, don haka jinkirin rabin minti wajen laluben jijiya zai ba ki lamba mai daɗi amma ta ƙarya. Ki gano wurin tun kafin a fara, gefen babban yatsa, a taɓa da yatsu biyu. Ban da babban yatsan mai ƙirga, domin shi ma yana da nasa bugun. Kuskuren bugu ɗaya a daƙiƙa 15 ya zama huɗu a minti.

Sai zafi. A Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Kebbi, zuciya na ƙara gudu don sanyaya jiki, sai sakamako ya faɗi alhali ba juriyar ce ta ragu ba. Ki yi da sassafe, ba da azumi ba, ba kuma bayan shayi, kofi ko goro ba. Gajeriya ma tana shan wahalar dakalin fiye da doguwa, shi ya sa ban son a riƙa gasa da ƙawaye. Ki gwada kanki da kanki: yau, sannan bayan mako takwas na tafiyar sauri minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ki sake gwajin da akwatin nan dai kuma a irin lokacin da kika yi na farko.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin jini. Jini ne ke ɗaukar oksijin, kuma al'ada mai yawa ko zazzaɓin cizon sauro na rage shi. Budurwar da ke motsa jiki amma bugunta ya ƙi sauka, ga kasala da jiri, kada a ce mata raggo. Ta je a auna jininta. Himogulobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki ƙaranci ne.

Mai ciki, mai sikila, mai asma ko ciwon zuciya kada ta hau sai da izinin likita. Wadda kuma ta ji ciwon ƙirji ko duhun gani a tsakiyar gwaji, ta sauko ta zauna nan take.