Garkuwar da na liƙa wa Hilux ɗin Alhaji

A shekarata ta biyu ta koyon walda a kasuwar Panteka ta Kaduna aka kawo mana wata Hilux da dutse ya fasa wa kaskon baƙin mai a hanyar gona, can bayan Kajuru. Alhajin ya ce a yi mata garkuwa a ƙasa, abin da makanikai ke kira firotekta, kafin damina ta kankama. Maigidana ya tafi Zariya ɗaurin aure, ni kuwa da rawar kai na ce zan iya.

Na shiga layin masu sayar da ƙarfe na zaɓo faranti mafi kauri, mai milimita 6. A tunanina kauri shi ne ƙarfi. Na yanka shi a shimfiɗe kamar faifai, na bi shi da walda a jikin shasi, na shafe da baƙin fenti. Har hoto na ɗauka.

Bayan sati uku motar ta dawo. An je juyen mai, an rasa ta inda za a kwance notin baƙin mai, don ban bar ƙofa ba. Laka ta cika tsakanin farantin da injin ta bushe kamar bulo. Abin da ya fi ba ni kunya, tsakiyar wannan ƙarfe mai kauri ta lotsa, saura ƙiris ta taɓa kaskon da aka ce in kare.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Kwali ya ɗauko ya riƙe a kwance, kwalin ya lanƙwashe. Ya naɗe gefunansa, sai ga shi ya tsaya cak. Ya ce, "Kai yaro, ka gani? Lanƙwasa ce ke riƙe ƙarfe." Ya aike ni na sayo mai milimita 4, ya ce in duba tsatsa baya da gaba, in auna kaurin da kaina, kada in dogara da bakin mai sayarwa. Muka fitar da siffar a kwali tukuna, muka lanƙwasa gefunan farantin, muka ɗaga gabansa don dutse ya zame maimakon ya yi karo, sannan muka gitta ƙarfe mai kusurwa guda biyu ta ciki. Tsakanin farantin da kaskon muka bar wurin yatsu biyu, muka huda ƙofar juye da ƴan ramukan fitar ruwa.

Nauyin ma abin lissafi ne. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai milimita 6 ya kai kilo 47, mai 4 kuwa kusan 31, kuma gaban motar ne ke ɗaukar bambancin. Alminiyom ya fi sauƙi nesa, amma ga tsada, ga shi injin waldarmu ba ya cin sa.

Walda a jikin shasi kuwa, ya hana ni har abada. Da kusoshi masu lamba 8.8 a kansu muka ɗaure, a ramukan da kamfani ya bari, don ranar da za a sauke giyabos a kwance cikin minti goma. Yini guda na yi a kwance ƙarƙashin motar ina gurje tawa waldar, tartsatsi na zubo mini a wuya.

Tsohon farantin yana nan a shago. A kansa muke ɗora butar shayi.