TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 7): Shekarar da cutar bushiya ta shiga garken Baba

Jama'a, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda dattawan kara suka ɗora wa mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shugabancin fataken shanu na kasuwarmu ta Potiskum. Yau zan ba ku labarin shekarar 1983. Ina da shekara 14 a lokacin, kuma Potiskum tana cikin tsohuwar Jihar Borno, don sai a 1991 aka ƙirƙiro Yobe.

Wanda bai san harkar shanu ba ba zai gane yadda dukiya mai yawa take yawo a kan fatar baki ba. Ranar Laraba, ranar kasuwa, Bafulatani zai koro shanunsa, dillali ya shiga tsakani, a yi ta "albarka" har a kai ga "na sallama". Sau da yawa Baba ba ya biya a ranar. Sai an loda shanun a tirela, sun bi ta Kano, Kaduna, Mokwa, sun haye gadar Jebba, sun wuce Ilori da Badun sun sauka Agege a Legas. Can ma mahauta bashi suke ɗauka, mai masaukin Baba ya tsaya musu. Sai kuɗi sun dawo arewa kowa ya karɓi nasa. Ba takarda, ba sa hannu. Ni ne mai riƙe wa Baba ɗan littafin lissafi, amma gaskiya don koya mini ya sa ni, shi komai yana kansa.

Da farko jita-jita muka riƙa ji, wai ciwo ya ɓulla a gabas, shanu suna faɗuwa. Tsofaffi da suka ji alamun sai jikinsu ya yi sanyi, suka ce bushiya ce. Mu yara ba mu san ta ba. Tun daga 1962 aka yi gagarumin gangamin allurar rigakafi a ƙasashen yankin Tafkin Chadi, ana yi wa saniya allura a yanke mata alama a kunne, har mutane suka ɗauka an rabu da cutar. Da aka saki jiki, sabbin haihuwa suka taso babu rigakafi, sai ta dawo.

Baba yana da shanu kusan sittin a turke bayan gari, yawanci Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da 'yan Bunaji farare, suna jiran mota. Na wasu Fulani ne mutum uku, an yi ciniki, ba a biya ba. Wata safiya na bi shi duba su, muka tarar da wani bijimi ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, majina da yawu na dalala. Baba ya buɗe bakinsa ya ga gyambo a dasashi. Bai ce komai ba sai "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Bayan kwana biyu zawo ya ɓarke. Warin wurin nan har yau in na tuna sai na ji shi a hancina.

Akwai waɗanda suka ba shi shawara ya yi maza ya loda masu sauran ƙarfi ya tura kudu kafin su nuna. Wasu sun yi hakan, ba zan ɓoye ba. Baba ya ce shi da aka ba amanar kasuwa ba zai kai wa mutane annoba a mota ba. Da kansa ya je ya kira malaman dabbobi, ya kuma bi rugage yana lallashin Fulani su fito da shanunsu a yi musu allurar da ake kawowa daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Kafin mako uku, abin da ya rage a turkenmu bai kai goma ba.

Sai maganar kuɗi.

Ardon da ya fi yawan shanu a ciki ya zo gida bayan la'asar, aka shimfiɗa musu buzu a zaure, ni na kawo ruwa na raɓe a bakin ƙofa. Ardo ya ce, "Alhaji, abin daga Allah ne. Nawa na ruga ma sun ƙare. Mu raba asarar, ka ba ni rabi."

Baba ya ce, "Ardo, ranar Laraba da na taya, me ka ce?"

"Na ce na sallama."

"To tun daga lokacin shanuna ne. Da ajiya ka ba ni, da sai mu yi wata magana. Nawa ne suka mutu, naka kuɗi ne, kuma suna nan a wuyana."

Ardo ya ja rawani ya rufe fuska. Ban taɓa ganin dattijon Bafulatani yana kuka ba sai ranar.

Kuɗin kuwa babu su. Tirela ɗaya Baba yake da ita, wadda ya shekara yana tara kuɗinta, ita ce abin alfaharinmu a unguwa. Ya sayar da ita a araha, don a shekarar kowa sayarwa yake yi. Ba ta isa ba. Da daddare Inna ta ɗaure 'yan kunnenta da sarƙar gwal da ta sayo a Makka a ƙyalle ta ajiye masa a gefen shimfiɗa. Ya ce, "Hajiya, wannan naki ne." Ta ce, "Alhaji, in sunanka ya ɓaci a kara, wa zan sa wa ita in fita?" Na ji wannan ne daga bakin Inna bayan rasuwarsa, shi bai taɓa faɗa ba.

Gidan da ake yanka rago duk wata ya koma tuwon dawa da miyar kuka. Ƙannena sun yi ta ƙorafi, ni ma a raina na ji haushinsa, ina ganin an yi masa rangwame ya ƙi. Amma abu guda bai canja ba: duk dare bayan isha'i sai ya tara mu maza a akushi ɗaya, ya tambayi kowa karatun allo da na boko, sannan ya leƙa cikin gida ya ji na 'yan mata. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, "kai yaro" kawai. Da aka zo biyan kuɗin makarantarmu, agogon hannunsa ya cire.

A 2011, da na ji a rediyo an sanar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, sai na tsayar da mota a gefen hanya na yi masa addu'a. Bai kai ga jin wannan labari ba.

Bai gama biyan Ardo ba sai ga watan Afrilun 1984, gwamnatin soja ta rufe iyakoki ta canja launin naira, alhali sauran kuɗin mutane suna cikin buhu a Agege. Yadda muka yi da buhun nan, ni da direba, shi za mu ɗauko a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.