Lanƙwasar katin jakada

A 1975 na samu aikin masinja a wani ofishin jakadanci a Legas, lokacin tana hedikwatar ƙasa, don sai 1991 gwamnati ta koma Abuja. Aikina yawo ne da takardu, daga Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Marina zuwa gidajen jakadu a Ikoyi da Victoria Island, da littafi a hammata wanda duk mai karɓa zai sa wa hannu.

Wasiƙa ba ta ba ni wuya ba. Kati ne ya kusa cin aikina. Ɗan ƙaramin abu fari mai ɗauke da sunan maigida, wato jakadanmu, a ƙasa ta hagu sakatariya ta rubuta haruffa da fensir, duk taƙaitaccen Faransanci: p.f. taya murna, p.c. ta'aziyya, p.p.c. ban kwana idan jakada zai bar ƙasa. Na haddace su cikin mako guda, har na fara jin ni ma na zama ɗan gari.

Wata ranar muka je gidan wani jakada da ya riga maigida kama aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajensu, domin bisa yarjejeniyar Vienna ta 1961 wanda ya fara miƙa takardar kama aiki shi ne gaba, ko da ƙasarsa ba ta kai lardi guda ba. Ba mu tarar da shi ba. Maigida ya zaro kati yana zaune a mota, ya miƙo mini na kai wa mai tsaron ƙofa. Ina tafiya na ga kusurwar katin ta lanƙwashe. Na ce ai abin kunya ne a kai wa babban mutum kati a cukurkuɗe, sai na musanya shi da sabo fil daga jakata.

Kwana biyu sakatariya ta kira ni.

"Yaro, wa ya sa ka gyara?"

"Ranki ya daɗe, gani na yi ya lalace."

Ashe lanƙwasar nan ita ce saƙon. Tana nufin mai katin ya zo da ƙafarsa. Kati miƙaƙƙe kuwa aike ne, wato maigida ya zauna a ofis ya tura yaro wajen wanda ya girme shi. Sai da ya sake tafiya da kansa, ni kuma na yi wata guda ina liƙa ambulan. Bayan nan ko tabon shayi na gani a jikin kati, haka nake miƙa shi da hannu biyu.