Yadda na shiga jirgi da kujerar mota ta yara daga Abuja

Abban Hanan yana karatu a Ingila, ni kuma ina Gwarinpa da yara biyu, Hanan mai shekara uku da Amir da lokacin yake da shekara ɗaya da wata huɗu, sai bizarmu ta fito aka ce mu taho, kuma ni kaɗai ba mai raka ni. Wallahi tun kafin na fara tunanin kayan sanyi da kuka da daddawar da za a ƙulla mana, abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda zan yi awa shida da ɗoriya a sama da yaron da ko minti biyar ba ya iya yi a cinya sai ya sulale ya kama gabansa.

Ga wadda ba ta taɓa tafiya da goyo ba, tsarin shi ne yaron da bai kai shekara 2 ba ba dole sai an saya masa kujera ba, a cinyarki zai zauna, a tafiyar waje galibi wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa sai haraji. In kuma kina so ya zauna a kujerar motarsa a cikin jirgi to sai kin yankar masa tikitin yaro da kujerarsa ta kansa, wanda sau da yawa yana kaiwa wajen kashi 75 na kuɗin babba, kin ga kuwa da yadda dala take ba ƙaramin abu ba ne. Da Hajiya ta ji labari cewa ta yi, ke yanzu saboda Allah yaron da ko yaye shi ba a yi ba za a saya wa kujera, mu da muka je Makka da goyo a baya muka dawo lafiya fa? Na sunkuyar da kai na ce Hajiya ai Abbansu ne ya ce a yi haka, ta ce to shi ya sani kuɗinsa ne, aka wuce wurin. Ni kuwa na san ni na matsa masa.

Dalilin da ya sa na matsa ba wai tsoron jirgi ya faɗo ba ne, Allah ya kiyaye, gargada ce nake ji, wadda jirgi zai yi ƙasa lokaci ɗaya ba sanarwa ba komai. A watan Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga irin ta, mutum ɗaya ya rasu da yawa suka ji ciwo har sai da aka karkatar da jirgin ya sauka a Bangkok, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda ba su ɗaura bel ba suka bugi rufin jirgi da ka. To babba kenan, ina ga jaririn da hannu kawai ke riƙe da shi. Kujerun jirgi na zamani ana gwada su ne da bugun da ya ninka nauyin mutum sau 16, ki lissafa da kanki, yaro mai kilo 10 ya koma kilo 160 a hannunki cikin ƙiftawar ido, buhun shinkafa uku kenan da ɗoriya, wace uwa ce za ta iya riƙewa komai son da take masa. Akwai wani ɗan ƙaramin bel da ma'aikatan jirgi ke bayarwa a zura a cikin na uwa a ɗaure yaron, jiragen Turai da na nan duk za ki gan shi, amma abin mamaki a Amurka an hana amfani da shi kwata-kwata, su hujjarsu in aka yi bugu mai ƙarfi jikin uwar zai ninke a kan yaron ya danne shi. Wato ko su masu abin ba su daidaita a tsakaninsu ba, sai dai duk sun yarda kujerar da aka yi don yaro ta fi.

Aikin gaske dai ba a cikin jirgi yake ba, a gida yake tun ana saura makonni. Ba kowace kujera ake bari ta shiga ba, sai wadda ke da sitikar amincewa a jikinta. In ƴar Amurka ce za ki ga rubutu da jan launi a gefe ko a ƙasa yana cewa an amince a yi amfani da ita a mota da kuma jirgin sama, in ƴar Turai ce akwai sitika ruwan lemo mai lambar ECE R44 ko R129, wasu kuma suna da ƙarin tambarin jirgi na TÜV, wani kamfanin gwajin kaya na Jamus, wanda wasu kamfanonin ba sa yarda sai sun gan shi. Nan ne matsalarmu take a ƙasar nan tunda yawancin kujerun da ke hannun mutane na gwanjo ne, ki shiga kasuwar Wuse ko Utako ki ga an jera su fes an wanke an goge, amma sitikar ta ɓare ko rana ta cinye rubutun, ba littafinta, ba wanda ya san ko ta taɓa yin haɗari a can inda ta fito. Kuma suna da wa'adi fa, shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka ƙera, robar tana tsufa, ranar tana nan a buge a ƙasan kujerar in kika kifa ta. Ni sai da na sa yaron shago ya kifa min kujeru ya fi a ƙirga yana ta min kallon wannan Hajiyar ta cika iyayi.

Sai faɗi. Na ɗauki tef ɗin tela na auna, don shawarar da ake bayarwa kada ta wuce inci 16, wajen santimita 40 kenan, in ta wuce haka za ta iya ƙin zama tsakanin hannuwan kujerar jirgi. Manyan nan masu juyawa masu kama da kujerar sarauta ki barsu a mota, nauyinsu kaɗai ya ishe ki, sannan da yawansu da ƙarfen ISOFIX, wanda ke maƙalewa a jikin kujerar mota, kawai suke kamawa, jirgi kuwa ba shi da wannan, bel ɗin cinya ɗaya tal gare shi. Saboda wannan dalilin ne ma ba a yarda da ɗan matashin zaman nan na ɗaga manyan yara ba, shi yana buƙatar bel mai ratsa kafaɗa.

Daga nan na rubuta wa kamfanin jirgin imel da sunan kujerar da lambarta da hoton sitikar da shekarun Amir, don kowane kamfani da nasa sharaɗin, wani ba ya yarda da kujera mai kallon baya, wani yana da iyakar shekaru, wani sai kin sanar da shi kafin ranar. Suka amsa suka ce ba matsala, na buga amsar a takarda na kuma ajiye a waya. Wannan takardar ita ta cece ni a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, don ina isa kanta yarinyar da ke wurin ko kallon tikitin ba ta gama yi ba ta miƙo sitikar kaya ta ce madam wannan ƙasa za ta, na ce a'a ƴar uwa sama za ta, yaron yana da kujerarsa. Ta ce ita tunda take aiki ba ta taɓa gani ba, kuma ban ga laifinta ba don da gaske mutanenmu ba sa yi. Na miƙa mata takardar ta kira ogansu ya zo ya karanta ya juya kujerar ya duba sitika ya ce a bar ni na wuce. Ba faɗa ba ɗaga murya, ga layi a bayana ana ta tsaki amma ban kula ba.

Yadda na yi da kaya kuwa, Amir na goya shi da zani na ɗaure tam, kujerar na ɗaure ta a jikin ƙaramin akwatina mai taya da igiyar kaya, Hanan na riƙe da gefen hijabina. Duk wani keken yara na zamani bai kai goyo amfani ba a filin jirgi, hannu biyu a sake. A wurin bincike dai sai an kwance komai, kujerar ta bi ta cikin na'ura, a sauke yaro a sake goyawa, gumi kam na sha shi. Da aka ce masu yara su fara shiga ban tsaya kunya ba na yi gaba, don hanyar tsakiyar jirgi matsattsiya ce, kujerar ba ta bi sai an ɗaga ta sama da kan kujeru, in mutane sun riga sun zauna to sai kin bi kina ba da haƙuri kina bugun kawunan bayin Allah.

Galibi wurin taga ake sa ta, ƙa'idar ita ce kada ta tare wa kowa hanya in an ce a fita da gaggawa, kuma ba a sa ta a layin ƙofar gaggawa. Ɗaurawar ce ke da ɗan siddabaru. Wata ma'aikaciyar jirgi dattijuwa ce ta tsaya a kaina ta nuna min, ta ɗaga hannun kujerar, ta kwantar da bayan kujerar jirgin baya, ta ce in zura bel ta ramin da ke bayan kujerar Amir ya fito ta ɗaya gefen, kafin na maƙala sai ta riƙe hannuna ta juya kan bel ɗin ta ce ki lura da murfin nan da ake ɗagawa a buɗe, in ya manne da robar kujera ba wurin da zai ɗago to in an sauka sai kin yi kuka kafin ki cire. Na maƙala, na sa gwiwa na danna kujerar ƙasa ina jan bel ɗin har ya ƙare, sannan ta dawo da bayan kujerar jirgin tsaye, sai ga shi ta kame ƙam ko motsi ba ta yi. Na cire wa Amir rigar sanyi mai kauri kafin na sa shi don in akwai ta igiyoyin ba sa kama jiki da kyau, na ja har ya zama ba na iya tsunkulo igiyar da yatsa a kafaɗarsa, na lulluɓa masa bargo a sama.

Tunda kujerar da ya saba da ita ce a mota, jirgi bai gama hawa ba ya yi barci da fida a baki, dama na ba shi ne saboda toshewar kunne. Abin da ban zata ba shi ne yadda hannuna zai zama nawa, na ci abinci da zafinsa, na ba Hanan nata, na kai ta banɗaki na bar shi a ɗaure maƙwabciyarmu na duba min shi, na yi sallata a zaune. Can cikin dare muka shiga gargada aka kunna alamar bel, wata baiwar Allah a layin gaba da aka ba ta ɗan gadon jarirai na jikin bango sai da aka sa ta ciro jaririnta yana barci ta riƙe, ya farka ya dinga tsala ihu, nawa kuwa ko juyi bai yi ba.

Amma ba zan ɓoye muku ba tana da nata ciwon kan. Kujerar tana ɗaga yaro ta matso da shi gaba, ƙafarsa na kaiwa daidai bayan kujerar mutumin gaba, da ya farka ya gano haka shikenan ya samu abin wasa, na cire masa takalmi na riƙe ƙafar na ba mutumin haƙuri har na gaji, bawan Allah ya ce ba komai shi ma yana da jikoki amma na ga fuskarsa. Teburin abinci ma ba ya saukowa sosai saboda ya tokare da kujerar. Sannan ba a barin yaro a ciki tun daga tashi har sauka, na riƙa ciro shi in an kashe alamar bel mu ɗan zaga, ƙananan jarirai ma ana shawartar kada su wuce awa 2 a jere a cikinta.

Ita Hanan wani abin ɗauri mai suna CARES na sa mata, igiyoyi ne kawai da ake zurawa ta bayan kujerar jirgi su haɗu da bel ɗin cinya su riƙe kafaɗa, an yi shi don yara masu kilo 10 zuwa 20, yana shiga jakar hannu, amma na jirgi ne kawai ba a sa shi a mota, kuma jabunsa sun cika intanet. Kujerar motarta kuwa naɗe ta aka yi da leda a filin jirgi ta bi kaya, galibin kamfanoni ba sa cajin kujerar yaro. Dole ce ta sa na kwashe su duka biyun, a Ingila doka ce yaro ya zauna a irin kujerar nan a mota har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, muna fitowa abokin Abbansu da ya zo ɗaukarmu abin da ya fara tambaya kenan kafin ma gaisuwa ta yi nisa.

A tafiyar gida kuwa, Abuja zuwa Kano ko Legas da bai fi awa ɗaya ba, gaskiya ba zan ce wa kowa lallai ta sayi kujera ba, wasu jiragen ma ƙanana ne irin Embraer 145 mai kujera ɗaya a gefe biyu a ɗaya gefen, ga hawa matakala da kaya a rana. Hukumar jiragen Amurka FAA kanta tana ba da shawarar a sa yaro a kujerarsa amma a 2005 ta ƙi mayar da shi dole, hujjarta in tikiti ya yi wa iyaye tsada za su koma bin mota, hanya kuwa ta fi jirgi kisa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya bi ta Keffi da Akwanga ya hau Jos ya san ba ƙarya suka yi ba. Ni a irin wannan tafiyar nakan riƙe shi da ɗan bel ɗin da suke bayarwa, kujerar kuma na naɗe ta ta bi kaya, don in Jos za ki, in an sauka a filin jirginsu da ke Heipang akwai sauran tafiya kafin a shiga cikin gari, kuma direban da zai ɗauke ki ba shi da ita, ƙarshenta ma ce miki zai yi ki zauna gaba da yaron a cinya alhali ƴan Road Safety sun hana yaro ƙasa da shekara 12 zama a gaba.

Wani abu kuma da ya kamata mai sayen tikitin zuwa da dawowa ta duba shi ne ranar haihuwar yaron, in zai cika shekara 2 kafin ranar dawowa to ya fita daga sahun ƴan cinya, dole a samar masa kujera a dawowar, wani kamfanin ma tun daga zuwan zai caje ki kuɗin yaro, gara ki tambaya tun kafin ki biya.