Kwalbar bitamin da na saya wa Inna

A daminar bara zazzaɓin taifod ya kwantar da Inna a gidanmu na Aboabo da ke Kumasi. Likita ya rubuta mata maganin kashe ƙwayar cuta. Kwana huɗu da fara sha zazzaɓi ya sauka, amma jiki ya yi laushi, baki ɗaci, ko kokon safe ba ta iya shanyewa. Na ɗauka maganin ne ke galabaitar da ita, sai na ajiye shi. Na shiga kasuwar Kejetia na sayo bitamin C mai miligiram 1000, ina narka mata uku a ruwa kullum, don na sha jin ana cewa yana wanke dafin cuta daga jini.

Mako bai zagayo ba gudawa ta kama ta, zazzaɓin ya dawo ya fi na farko. Da tsakar dare muka kai ta asibiti.

Ƙanwata, da ke karatun haɗa magunguna a jami'ar KNUST, ta iso da asuba. Ta juya kwalbar a hannunta ta ce, "Yaya, wa ya ce ka tsayar da maganin?" Na kasa ɗaga kai.

A kan bencin asibitin ta warware mini. Ƙwayar taifod, Salmonella Typhi, tana ɗauke da wani dafi a jikin ɓawonta, ana kiransa endotoksin. Da ya shiga jini sai fararen ƙwayoyin jini su taso da yaƙi, suna fesa sinadarai masu ƙuna don su hallaka ta. Idan fesawar ta yi yawa, naman jikin mutum ma ba ya tsira, daga nan kumburi da raɗaɗi. Ta ce, "Ka ga yadda yankakkiyar doya ke sauya launi idan ta sha iska? Kusan haka ne." Bitamin E yana zama cikin maiƙon fatar ƙwayoyin halitta yana tare wannan ƙuna, bitamin C kuma yana yawo a ruwan jiki, yana farfaɗo da E idan ya ƙare ƙarfinsa. To amma ba ɗaya daga cikinsu da ke kashe Salmonella.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne adadin. Mace baliga miligiram 75 take buƙata a rana, ni kuwa ina ɗura wa tsohuwa 3000, alhali abin da ya haura 2000 shi kansa yana sa gudawa. Ta ƙara da cewa yawancin gwajin da ya nuna kariyar bitamin daga wannan dafi a kan ɓeraye aka yi shi. A 2022 wani babban gwaji da ake kira LOVIT ya zuba bitamin C ta jijiya ga masu gubar jini a ɗakin kulawa ta musamman, kuma waɗanda suka samu sun fi shan wuya.

Da aka sallamo Inna, ni na riƙe agogon maganinta har ƙwayar ƙarshe. Sauran aikin na tukunya ne: miyar kontomire, wato ganyen gwaza, da manja, kwaɗon zogale da ƙuli, gyaɗa kaɗan. Lemon tsami sai an sauke tukunya ake matsawa, don wuta na cinye bitamin C. Gwaiba kuma, wadda bitamin C ɗinta ya ninka na lemo kusan sau huɗu, ina wanke ta da tafasasshen ruwa in yanka mata ƙanana saboda haƙoranta.

Ranar da ta cinye tuwonta ta ce a ƙaro miya, fita na yi ƙofar gida na share hawaye.