Laraba a Agege: kunne da rawar hannu

Yau aka yi wa mutanenmu masu injin markaɗe da masu gyaran janareta gwajin ji. Wani dattijo da ya daɗe yana markaɗa tattasai a kasuwar Mile 12 shi ya tsaya mini a rai. Duk tambayar da aka yi masa sai ya karkato kunnen dama ya ce, "Na'am, Likita?" Hannunsa na hagu kuma yana rawa a kan gwiwa, babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi. Da ya miƙa hannu ya karɓi ruwa, rawar ta tsaya cak. Karkarwar da ke zuwa lokacin hutu, ta gefe ɗaya, ita ce ke sa a fara tunanin cutar Parkinson, wato cutar ƙwaƙwalwa mai taɓa motsin jiki.

Kafin gwaji sai an haska cikin kunne, domin dattin da ya toshe hanya ko hujewar dodon kunne kan ɓata sakamako. Daga nan a sa masa abin sauraro, a gwada kowane kunne daban, daga sauti mai kauri na 250 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zuwa siriri na 8000. Wanda hayaniya ta cinye wa kunne, layin jinsa a takardar sakamako kan nutse a wajen 4000, kuma haka nasa ya yi. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti can ciki, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Desibel 85 na awa 8 a rana shi ne iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Masu markaɗe kuwa daga asuba har magariba suke kan injin.

A 2024 mujallar JAMA Neurology ta fitar da bincike kan tsofaffin sojojin Amurka kusan miliyan 3.6. An ga masu raunin ji sun fi kamuwa da Parkinson daga baya, kuma haɗarin na ƙaruwa gwargwadon tsananin raunin. Waɗanda suka sami na'urar ƙara ji cikin shekara 2 da gwaji, nasu haɗarin ya ragu. Wannan alaƙa ce aka gani, ba hujja ba ce cewa kurumta ke haddasa cutar. Yana yiwuwa lalacewa ɗaya ce ke taɓa wuri biyu, tunda sinadarin dofamin da ke ƙarewa a ƙwaƙwalwar mai Parkinson yana aiki a cikin kunne ma.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke jingina komai ga tsufa. Da yake raguwar jin ƙamshi da wuyar bahaya kan zo da Parkinson, na tambayi dattijon, "Baba, kana jin ƙamshin abinci kamar da? Bahaya fa, yana wuya?" Ya yi shiru, sannan ya gyaɗa kai ga tambaya ta biyu. An rubuta masa takardar ganin likitan jijiyoyi, aka ba yaran shagonsa abin toshe kunne na soso: a murza shi ya sirance, a ja saman kunne baya, a zura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura.