Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tabarau ɗin da na yi wa Baba

A makon jiya mun tsaya inda na ajiye alli, bayan shekara uku ina koyar da lissafi da fiziks a wata sakandare, na ce zan koma Tech, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, karatun ido. To, ga yadda ta kaya.

Mma ce ta fara yi mini tambayar da har yau mutanen Zango ba su daina yi mini ba. Tana tankaɗen garin koko a bakin murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To Awudu, in ka gama ɗin, likita za ka zama ko mai sayar da tabarau?" Na ce mata tsakanin biyun ne. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin sana'ar da ke tsakani ba, mutum ko mahauci ne ko mai sayen nama. Na yi ta bayani: akwai likitan da ya yi karatun likitanci gaba ɗaya sannan ya ƙware a ido, shi ne mai fiɗa, akwai mai yanka gilashi ya ɗaura a firam, mu kuma namu shi ne awon gani, da binciken lafiyar ido, da rubuta gilashin da ya dace, da sanin wanda za a tura gaba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah Ya sa albarka," irin addu'ar nan da ake yi wa wanda aka ga ba zai ji magana ba.

Ba laifinta ba ne. A lokacin karatun oftometiri, wato wannan sana'a tamu ta awon gani, jariri ne a Gana. A farkon shekarun 1990 aka fara shi a Kumasi, a ƙarƙashin sashen fiziks, kuma ba a ɗaukar ɗan sakandare, sai wanda ya riga ya yi digiri a kimiyya, ya dawo ya yi babbar difloma ta shekara biyu. Yaran yanzu da ke shiga kai tsaye su yi shekara shida su fito da digirin dakta, a Kumasi ko a Kef Kos, ba su san wannan zamani ba. Ko sunan jami'ar ma UST ne a takardun da na cike, sai a 1998 aka mayar mata da sunan Kwame Nkrumah. Mu dai Tech muke cewa, jiya da yau.

Ban zauna a makaranta ba, don ga mata ga ɗa guda, ga albashi ya tsaya. Daga Aboabo nake tashi bayan asuba, in kama trotro, wato motar haya, ta Anloga in sauka a Tech Junction, in taka da ƙafa. Abokaina da muka gama digiri tare, wani ya shiga banki, wani ya haye Jamus, ni kuwa ga ni da jakar littattafai kamar ɗan firamare. 'Yan majalisar ƙofar gidanmu suka sa mini suna "Ɗalibi har abada". In na wuce sai wani ya ce gemu ba ya hana ilimi, sauran su kwashe da dariya, don ba yabo yake nufi ba.

Watannin farko na ji daɗinsu ƙwarai, har na fara ɗaukar kaina wani abu. Lissafin haske ne, abin da na sha na ƙoshi. Gilashin da ke tara haske a nisan mita ɗaya ƙarfinsa dayofta ɗaya ne, mai tarawa a rabin mita dayofta biyu. Idon ɗan Adam duka ƙarfinsa wajen dayofta 60 ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi ba daga gilashin cikin ido yake ba, daga wannan fata mai garai-garai ta gaban baƙin ido yake. Waɗanda suka zo daga fannin halittu suna gumi a kan lissafin, ni ina koya musu a gindin bishiya. Da aka shiga sassan jiki da jijiyoyi da magunguna sai reshe ya juye da mujiya, na koma ni ke bin su da littafi.

Abin da ya fi shiga raina shi ne retinoskof. 'Yar tocila ce da ake haska wa mutum a ido cikin ɗaki mai duhu, kana kaɗa ta kana kallon jan hasken da ke dawowa daga bayan idon. In hasken ya bi hannunka, ka ƙara gilashi mai tarawa. In ya saɓa maka, ka sa mai warwatsawa. Har ka kai inda ɗan idon zai cika da haske gaba ɗaya ya daina motsi. Mutum bai buɗe baki ba, ka san lambar gilashinsa. Ka auna jariri, ka auna kurma, ka auna tsohuwar da ba ta jin Hausa ba ta jin Turanci ba ta jin Asanti. Sharaɗin kawai shi ne ka tuna nisan da ka zauna: in hannunka ya kai santimita 67, ka cire dayofta 1.50 daga abin da ka samu. Na manta da wannan sau ɗaya, na ɗora wa wani ɗan ajinmu gilashin da ya sa shi laluben ƙofa. Ban sake mantawa ba.

Ɗan koyo kuwa, in ya sami sabuwar wuƙa, komai nama ne a idonsa. Wata Asabar na aro akwatin gilasan gwaji na kawo gida, na ce yau Baba zan auna.

Baba a lokacin ya haura sittin. Makarantar allo yake da ita a zauren gidanmu tun kafin a haife ni. Tabarau ɗinsa na karatu a kasuwar Kejetia ya saye shi, wurin masu baza su a faranti, ka yi ta gwadawa har ka dace da wanda ya yi maka. Hannu ɗaya ya karye ya ɗaure da zaren lilo. Ba na raina wannan tabarau, gaskiya, don wanda ya wuce arba'in gilashin cikin idonsa ke ƙara tauri ya kasa duba abu na kusa, kuma na faranti yakan rage zafi. Aibinsa ɗaya ne: mai faranti ba ya leƙa cikin ido.

Na karɓi tef ɗin awo wurin telan da ke haya a ɗakin ƙofa, na auna mita shida a tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa bangon madafa, na manna takardar gwaji. Ba ta baƙaƙen boko ba, ta harafi ɗaya mai yatsu uku da ke juyawa sama da ƙasa, hagu da dama, mutum ya nuna da hannu inda yatsun suka duba. Matan gida duk suka bar aiki suka yi cirko-cirko. Baba ya zauna a kujerar katako, na ɗora masa firam ɗin gwaji a hanci, wani jikansa ya ce Malam ya zama mujiya, aka kore shi. Ya yi ta nuna yatsu har layi na kusa da ƙarshe. 6/9 a kowane ido. Ga dattijo mai waɗannan shekaru, wannan gani ne na a zo a gani.

Wajen gwajin karatu ne ya ba ni dariya. Na miƙa masa Alƙur'aninsa na warsh na ce ya karanta, ya kama tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Na canza gilashi, haka. Na sa wanda na san ba zai ga komai da shi ba, bai fasa ba. Sai a nan na farga, ashe mahaddaci na ba wa Alƙur'ani. Ya dube ni ta saman firam yana murmushi, ya ce, "Kai da ka yi jami'a." Sai da na nemo wata wasiƙar ajami da aka aiko masa daga Salaga, wadda bai riga ya karanta ba. A nan gaskiya ta fito. Da na faranti, ɗigon fa da ke ƙasa da ɗigon ƙaf da ke sama duk sun cakuɗe masa, sai dai ya cinka da ma'ana. Da na sa masa gilashi mai tarawa na +2.50 sai ya yi shiru, ya matso da takardar, ya ce, "Ikon Allah. Ashe mutumin nan rubutunsa na da kyau."

Na kai aka yanka gilashin, na biya da kuɗin da matata ta ranta mini daga adashinta. Ran Juma'a Baba ya sa shi ya tafi masallaci, ya dawo yana gaya wa kowa ɗansa ne ya yi masa. Mma ma ta sauko, ta fara ce wa maƙwabta Awudu likitan ido ne. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Wajen wata huɗu bayan haka muka shiga darasin hawan jinin ido. Sunan nan ma yaudara ne, don ba jini ba ne. Wani ruwa ne garai da ido ke yi kullum yana zubarwa ta wata 'yar magudana. In magudanar ta fara toshewa, ruwan ya taru, matsi ya hau. Na lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'auni. Matsin nan sai ya yi ta cin jijiyar gani, zare bayan zare cikin zaruruwa sama da miliyan, ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Ba kamar apolo ba, da ke sa mutum ya ruga neman magani tun da safe. Malaminmu ya ce ya fi kama baƙar fata, ya fi saurin kama mu da wuri, yana bin dangi, kuma abin da ya tafi ya tafi kenan, magani sauran yake tsarewa. Sannan ya faɗi maganar da ta sa biro ya tsaya a hannuna. Ya ce daga gefe yake fara ci, tsakiya ce ƙarshe. Mutum zai iya karanta layin ƙasa na takardar gwaji alhali duniyarsa ta zama kamar mai leƙe ta cikin bututu.

A trotro ina komawa gida abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Butar da Baba ya yi ƙwallo da ita sau biyu a mako guda, muka ce yara ne ke ajiyewa a hanya. Kafaɗarsa da ya buga a ƙyauren zaure. Wani Alhaji maƙwabcinmu da ya yi ƙorafi cewa ya ɗaga wa Malam hannu a hanyar Asawase, Malam ya share shi. Sai kuma almajirai. Baban da na sani, yana tsaka da rubuta wa wani allo, ba ya ɗagowa zai kira sunan wanda ke wasa a can ƙuryar zaure. Da wutsiyar ido ya raine mu duka, bayana shaida ne. Da na iso na tsaya a bakin zaure na duba da kyau. Duk shaiɗanun yaran sun tattara sun koma hagunsa. Biyu suna 'yar carafke da tsakuwa a bayan allo, taku uku daga gwiwarsa. Yara 'yan shekara bakwai sun gano abin da ni mai akwatin gilashi ban gano ba, sun ma san wane ido ne ya fi lalacewa.

Bayan isha'i na same shi a ɗakinsa. Na aro madubin leƙa cikin ido daga wani ɗan ajinmu da ke da nasa na kansa. Na ce, "Baba, so nake in ƙara dubawa." Ya ce ai tabarau lafiya lau. Na ce na sani.

Na zauna gabansa gwiwa da gwiwa. Na ce ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kafa na hagu a kan hancina, in ya ga yatsuna sun shigo ya yi magana. Na miƙa hannu can gefe na fara kawowa a hankali ina motsa yatsu. Ni na gan su tuntuni. Na ci gaba da kawowa. Suka wuce kafaɗarsa, suka wuce inda kunnena yake, Baba shiru, yana jira da haƙuri irin na mai jiran a fara. Sai da suka kusa taɓa kumatuna ya ce, "Yauwa, ga su." Na gwada ta sama, na gwada ta ƙasa. Na dama da sauƙi, amma shi ma an fara ci.

Na rage fitila na leƙa da madubi. Kan jijiyar gani a ido mai lafiya kamar faifai yake, ja-ja, da ɗan rami ƙarami a tsakiya. Na Baba na hagu ya zama ƙoƙo, fari fat, an rarake shi har baki, jijiyoyin jini sun karkace suna faɗawa ciki. Irinsa sak na gani a hoto da safiyar ranar. Na daɗe ina leƙe, ba don ban gani ba, don ban san me zan ce ba in na ɗago. Minti biyu wannan gwaji yake ci, ba ya buƙatar akwati, ba ya buƙatar tef ɗin tela. Wata huɗu kuma jijiya ba ta jira ni ba.

Shi ya fara magana. Ya ce, "Ka gama ƙirga abin da ya rage?"

Na ce, "Baba, ka sani?"

Ya ce tun kafin in koma Tech ya lura sahun sallah ya fara gajarce masa, ba ya ganin na ƙarshen dama da na ƙarshen hagu. Ya ɗauka tsufa ne, tsufa kuwa ba a kai ƙararsa. Na ce masa wannan ba tsufa ba ne, kuma ya fi ƙarfina, ni ɗalibi ne; sai mun je Gee, asibitin Komfo Anokye, a auna matsin, likita ya ga abin da za a tsare, wataƙila maganin ɗigawa ne har ƙarshen rai, wataƙila aiki. Da na ambaci aiki sai ya cire tabarau ɗin da na yi masa, ya naɗe shi a ƙyallensa, ya sa a aljihun gaba.

Ya ce, "Za ni. Amma uwarka kada ta ji tukuna. Kuma ka ce yana bin dangi?"

Na ce haka aka koya mana.

Ya ce, "To kai wa ya duba naka?"

Ranar Litinin tun duhu muka kama hanyar Gee, na ce wa Mma rakiya zan yi masa wurin wani aboki a Bantama. Abin da ma'auni ya nuna a idon Baba, da abin da ya nuna a nawa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.